Kwalabe Uku na Ruwan Sama

Ni ne mai laifi, ba Baba Arzika ba. Na yi shekaru ina faɗa wa kaina wannan magana a ɓoye, yau kuma na ga ya kamata in rubuta ta inda kowa zai gani. Ni na raba mahaifina da amininsa na ƙuruciya, kuma da ruwan sha na raba su. Abin ya fara ne ranar tara ga watan azumi, a shekara ta biyu ta babban farin da aka yi muna yara, ina ɗan shekara goma sha ɗaya a garinmu Unguwar Lalle. Bayan azahar ne, rana ta take har kaji sun buɗe baki sun kwanta a gindin danga. Inna da yayyena mata suna ɗaki sun yi laushi, Baba kuma bai dawo daga masallaci ba. Na jingina tsani a jikin babban rumbunmu, na ɗaga murfin bunun da ke kansa, na dira ciki. Babu ko damin gero ɗaya a rumbun, sai ƙaiƙayi da kashin ɓera da wani sanyi mai daɗi, sai kuma korayen kwalabe uku da aka binne rabinsu cikin yashi, an toshe bakinsu da totuwa an liƙe da kakin zuma. Na san abin da ke cikinsu, na kuma san ba don sha aka ajiye shi ba. Na ɓamɓare kakin da farce, na kafa kai.

Ba za a gane nauyin abin da na sha ba sai na ba da labarin motar. Mahaifina Nomau ya yi shekaru yana tuƙa motocin mutane, bai taɓa mallakar tasa ba. Shekarar da damina ta fara yi mana rowa, sai ya ji labarin wata tsohuwar akori-kura da aka yar a bayan wani gari a ƙetaren iyaka, can Faransa, kamar yadda muke ce wa ƙasar Nijar. Ya tafi ya daidaita da mai ita, aka ɗaure ta da igiyar rama a bayan raƙuma biyu, aka jawo ta cikin rairayi kwana uku. Ranar da ta shigo gari duk yaran unguwa muka bi ta muna ihu. Sai da aka kwance danga gefe guda kafin ta shiga gida, aka cire ƙafafunta, aka ɗora ta a kan tsofaffin turame huɗu ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida. Gilashin gaba ya tsage, ɓeraye sun cinye kujera, fentinta ya koɗe har ba a sanin shuɗi ne ko toka. Inna ta zagaya ta sau ɗaya, ta riƙe haɓa ta ce, "Mutane na biɗar hatsi, kai ka kawo muna akurkin kaji." Baba ya ci gaba da duba injin. Nufinsa shi ne in motar ta tashi, ya riƙa ɗaukar mutane da buhunan hatsi tsakanin kasuwar garin Isa da ƙauyukanmu, ya huta da tafiya cin rani Kurmi, can kudancin ƙasa, kamar yadda rabin mazan garin suka tafi suka bar iyali.

Fiye da shekara ya yi a kanta, kuma ban taɓa ganin mutum mai haƙuri da ƙarfe irinsa ba. Da hantsi, in ya dawo daga duba gonar da babu abin dubawa a cikinta, sai ya shimfiɗa tabarma ya kwance wani ɓangare na injin, ya jera kusoshi bisa tsarin da ya cire su, kowanne a cikin ƙoƙonsa. In kaza ta bi ta kan tabarmar, ranar kowa ya shiga uku. Yana wanke kabireta da kananzir cikin tsohon kwanon miyar Inna, yana goge filogi da yashin gulbi mai laushi, yana yanka gasket daga kwalin sukari da askar wanzami. Lagireto, mai sanyaya injin da ruwa, yana yoyo, ya kai wa maƙeri suka yini suna liƙi. Kujera kuwa audugar rimi aka cusa mata, baduku ya ɗinke ta da jar fata. Mu kuma in an tashi daga firamare, kafin lokacin allo ya yi, sai mu cika bayan motar mu da awaki, babban cikinmu ya kama sitiyari yana kuka da baki, ni ina maƙale a gefe ina kiran, "Isa! Isa! Saura mutum ɗaya!" Kowane yaro a unguwar ya ƙera motarsa ta kara da irin hancin tamu. Yunwa tana nan, don tuwon ranar wani lokaci dusa ce da ganyen tafasa, wani lokaci 'ya'yan anza da aka jiƙa kwanaki don ɗacinsu ya fita, amma a bayan motar nan mantawa muke yi.

Mutum ɗaya ne kawai ba ya yi wa Baba dariyar raini, shi ne Baba Arzika, mai gyaran batir da rediyo a Isa. Tare suka yi karen mota suna samari, tare suka kwana ƙarƙashin motoci a hanyar Sakkwato, shi ne kuma ya yanka ragon sunana. Duk bayan mako biyu yakan zo a kan kekensa, aljihunsa cike da guntayen waya da ƙwayayen fitila, da ɗan goro na Inna. Shi ya raɗa wa motar suna Hajiya, wai don ta zauna wuri ɗaya ana yi mata hidima. Tun daga zaure zai ɗaga murya, "Salamu alaikum, ina kwanan Hajiya? Har yanzu ba ta yarda da mijin ba?" Baba ya amsa daga ƙarƙashin mota, "Shigo, sarkin surutu. Ranar da tat tashi kai a baya za ka zamna, da tumaki." Su yi ta ƙyalƙyala dariya kamar yara. Baba Arzika ne ya ɗaura mata wayoyin wuta gaba ɗaya, bai karɓi komai ba sai fura.

A bakinsu na fara jin zancen ruwan batir. A lokacin batir ba a rufe yake zuwa ba kamar na yanzu. Yana da ramuka shida masu murfi, ana haɗa asid da ruwa a zuba masa, kuma ba kowane ruwa ba. Baba yakan ce, "Batir bai shan ruwan da yat taɓa ƙasa." Ruwan rijiya, ruwan gulbi, duk suna da gishiri da kanwa da ke cinye shi daga ciki. Sai ruwan sama da aka tara kai tsaye, wanda bai bi indararo ba, bai zauna cikin ƙarfe ba. A shekarun damina wannan ba wani abu ba ne, amma a shekarar da ta gabata sau ɗaya tak aka yi ruwan kirki. Ina tuna ranar. Gari duka ya ruga gona da iri, shi kuwa Baba ya tsaya tsakar gida jiƙe sharkaf, ya bar ruwan farko ya wanke ƙurar sama, sannan ya jera sababbin ƙorai shida a fili nesa da itace. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna cewa Nomau ya taɓu. Abin da ya samu ya tace da farin ƙyalle, ya cika kwalabe uku. Ni ya ɗaga ya jefa cikin rumbu na binne su, don ni ne ƙarami mai shiga ta bakin. Bayan wannan ranar sama ta ɗauke, geron da aka shuka ya ƙone tun bai kai gwiwa ba.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa take ƙuna ko da takalmi. Ba wanda ya tilasta mini yi. Inna ma cewa ta yi in riƙa yin rabin yini, amma na riga na cika baki a makarantar allo cewa za ni kai talatin ba fashi, har Malam ya shafa kaina a gaban yara. Kwana takwas na jure. A na tara harshena ya manne da ganɗa, ido yana ganin duhu-duhu. Randar gida ba ta taɓuwa, don Inna ta san iyakar ruwanta da ɗan yatsa, tunda sai jakinmu ya je ramukan da aka haƙa a busasshen gulbi kafin a samu tulu huɗu. Shi ya sa na tuna rumbu. Ruwan ya shekara a kwalba, yana da ɗan warin totuwa, amma har yau ban sha abin da ya kai shi daɗi ba. Na ce wa kaina rabin kwalba kawai. Kashegari na koma. Cikin mako guda na shanye ukun, kullum kuma da magariba ina zaune kusa da Baba ina karɓar kunu ana sa mini albarka.

Da ƙishirwa ce kaɗai, da laifin yaro ne, da an yi mini bulala an manta. Abin da na yi bayan haka shi ne wanda ba ni da uzuri a kansa. Na ɗebo ruwan ramin gulbi, ja ne kamar kunun kanwa. Na saci gutsuren alif ɗin da Inna take sa wa a randa don laka ta kwanta, na jefa, na jira ya yi garau, na tace da hulata. Na cika kwalaben, na narkar da kakin da zafin rana, na liƙe, na mayar da su ramukansu. Na zauna na duba aikina har na ji daɗin wayona.

Ana saura kwana goma salla, Baba ya gama komai sai batir. Baba Arzika yana da guda ɗaya mai kyau da ya wanke ya busar ya adana, an yi ta nema ya hana. Suka shirya ya ba Baba batirin, ya karɓi jakinmu a madadinsa, don iyalinsa ma suna wahalar ruwa. Bayan asuba muka kama hanya, ina bisa jakin rungume da kwalaben cikin buhu, Baba yana tafe a ƙasa, ya ƙi ya sha ruwa ko da yake matafiyi ne. Muka tarar da Baba Arzika a rumfarsa. Ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba ta a hasken rana, ya juya ta, ya ce, "Ni al'adata sai na ɗiga bisa halshe, nan take nika gane na sama da na ƙasa. To yau baki a rufe yake. Nomau, na sama na?" Baba ya ce, "Da hannuna nit tare shi. Ga wanda yab binne shi nan, tambaye shi." Baba Arzika ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Ɗana Iliya mai azumi talatin, haka na?" Na ce, "Haka ne, Baba." Ya buɗe kwalbar ya fara haɗawa.

Jajibirin salla Baba Arzika ya kawo batirin da kansa bayan ya yi masa caji. Aka mayar wa Hajiya ƙafafunta, aka sauke ta daga kan turame, Baba ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama. Baƙin hayaƙi ya cika gidan, awaki suka tsinke igiya, Inna ta fito da muciya a hannu tana guɗa, ita da ta kira ta akurki. Baba ya zagaya gari da mu sau uku, Baba Arzika a tsaye a baya cikin yara, ya cire hula yana ɗagawa yana cewa, "Ku ba Hajiya hanya!" A raina na ce ashe ruwa duk ruwa ne, Allah ya rufa mini asiri. Da safiyar salla aka murɗa makulli, ko ƙyas. Aka mayar da batirin Isa aka yi caji, ya dawo, ya kwana ɗaya ya mutu. Aka sake, haka. Aka tara maza su tura, amma mutanen da suka yi watanni suna cin tafasa ba su iya tura mota cikin rairayin Gobir ba, in ma ta kama sai ta mutu a bakin gari. Baba ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kwance, ya ɗaura, bai ga komai ba.

Karo na huɗu ranar kasuwa ce, rumfar cike da mutane, ni na riƙo masa buhun da muka naɗe batirin. Baba ya dire shi a ƙasa ya ce, "Arzika, ka amshe jakina ka ba ni gawa." Baba Arzika ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Nomau, ni kaka hwaɗa ma haka gaban jama'a? Wanga batir lafiya lau nib ba ka shi. Ruwan hwa? Ka tabbata ba a taɓa shi ba?" Baba ya ce, "To, yanzu kuma ni am maƙaryaci." Ina tsaye tsakaninsu, buhu a hannuna, kalma uku kawai ake bukata daga bakina, in ce ni na sha. Na tuna Malam da hannunsa a kaina, na tuna dariyar da yara za su yi mini, na sunkuyar da kai. Baba Arzika ya shiga bayan rumfa, ya kwanto jakin, ya danƙa wa Baba igiyar a hannu, ya ce, "Ga abinka. Batir ɗin ma riƙe. Allah shi isam ma wanda anka cuta cikinmu." Muka kora jakin muka dawo gida.

Daga ranar keken Baba Arzika bai sake tsayawa a ƙofar gidanmu ba. Ba a samu wani batir ba, don a shekarar babu mai abin musanya. Jakin ma daga baya ya tafi a kan hatsi, Baba ya bi sauran maza Kurmi, ya yi damina uku yana dako da gadi. Aka mayar da Hajiya kan turame, kaji suka shiga suka yi ƙwai a kan jar kujerar, Inna ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba. A Isa kuma na ji mutane sun daɗe suna gudun rumfar Baba Arzika, ana raɗa cewa ko amininsa bai bari ba. Kowace shekara ina cewa bana za ni faɗa, kowace shekara maganar tana ƙara nauyi. Na bar makaranta a aji shida na koyi kanikanci, na yi aure, na haifi 'ya'ya, ban faɗa ba. A ciwon ajalinsa, wata la'asar ina yi masa fifita, Baba ya dubi motar ta ƙofar ɗaki ya ce, "Har yau ban gane abin da niy yi ma Arzika ba da yai mini haka." Na buɗe baki, sai na ce masa ya sha magani. Bayan kwana huɗu ya rasu. Baba Arzika ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe, ya tafi bai shiga gida ba.

Bayan sadakar arba'in na kori kajin. Shekara biyu na yi a kan motar, a ƙarƙashin bedin nan, da ƙoƙunan kusoshi a kan tabarma kamar yadda na ga ana yi. Na nemo kayan da suka ruɓe a wurin masu tsofaffin ƙarafa, na sake mata fenti shuɗi, na bar jar kujerar da facinta. Na nemi batir irin na da mai ramuka shida, da ƙyar na samu, na tsaya cikin ruwan Agusta da sababbin ƙorai, 'ya'yana suna leƙe suna dariya. Su ba su san wannan ba. Yanzu batir a rufe yake zuwa, in ya mutu a yar, ruwa kuma a leda ake sayar da shi a kowace kwana. Ba na fatan yunwar nan ta dawo wa kowa, amma ina kewar lokacin da mutum zai tuƙa keke daga Isa don kawai ya tsokani amininsa, hanya lafiya lau, ba ya waiwaye. A lokacin ba mu da komai, sai dai maganar mutum tana isa a haɗa asid a kanta, ni kuwa ita na ɓata.

Ranar da motar ta tashi na kai ta Isa, na tarar da Baba Arzika zaune a ƙofar gidansa a kan buzu, ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Tun ban kashe injin ba ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Wanga kuka na san shi. Hajiya ta?" Na ce ita ce. Ya ce, "Wa at tahe da ita?" Na ce, "Iliya ne, Baba, ɗan Nomau." Ya sa aka kama shi ya miƙe, ya lalubi hancin motar yana shafawa, ya ce, "Ashe dai ta yarda da miji." Ya ɗan yi dariya, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Shekara ashirin ina juya zancen wancan batir. Da hannuna niw wanke shi, rami-rami. Wani lokaci sai in ce ko dai ni niɓ ɓata shi ban sani ba, na cuci Nomau."

Na cire takalmi, na durƙusa a gabansa cikin rairayi, mutanen unguwa suna kallo, na ɗaga murya yadda duk za su ji. Na ce, "Baba, batirinka lafiya lau yake. Mahaifina ma bai yi maka ƙarya ba, ruwan sama ya tara. Ni na shanye shi cikin azumi, na zuba na gulbi, ka tambaye ni na ce haka ne. Ni na ɓata maka suna, ni na raba ku, na bar shi ya tafi kabari bai sani ba. Shi ba ni da inda za ni same shi yanzu sai addu'a. Kai ne ka rage mini. Don Allah, Baba, ka yafe mini."